Ku Amsa Wa Baiwar Allah Nan Tukuna

Wata baiwar Allah ta kai kuka a shafin sada zumunta na hukumar nan ta kare haƙƙin ɗan Adam da daidaito, ba a amsa mata ba. Kwana uku ke nan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kam sai na faɗa: wanda aka damƙa wa shugabancin sashen hulɗa da jama'a da yaɗa labarai a wurin bai san nauyin da ya ɗauka ba.

An yi taron wayar da kai, an zuba hotuna. Ga shugaba yana jawabi, ga shi yana miƙa lambar yabo, ga manyan baƙi sun jeru. A ƙarƙashin hotunan wata baiwar Allah ta rubuta layi biyu kacal. Ta ce an sallame ta daga aiki mako guda bayan ta sanar tana da juna biyu, ina za ta kai kuka? Ko aya babu a rubutun, da gani ka san cikin tashin hankali ta yi shi. Shiru. Na koma washegari, shiru. Amma wanda ya rubuta "Allah ya ƙara ɗaukaka, ranka ya daɗe" an yi masa godiya tun kafin sa'a ta zagayo. Ke nan akwai mai lura da shafin. Ya ga tambayarta ya tsallake.

Wannan shi ne ya ƙona mini rai. Aikin ofishin nan gaba ɗayansa shi ne wanda aka zalunta ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, idan ya ƙwanƙwasa kuma a amsa masa. Sauran duk ado ne.

Kada wani ya ce son raina nake faɗa. Ƙa'idojin Paris, waɗanda Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a watan Disamba na 1993, su ne ma'aunin da ake auna irin waɗannan hukumomi a ba su matsayin A ko B. A cikin ayyukan da suka ɗora musu akwai yayata haƙƙin ɗan Adam da yaƙi da wariya ta hanyar faɗakarwa da ilimantarwa da amfani da kafafen yaɗa labarai. Haƙƙin aka ce a yayata. Babu inda aka ce a yayata shugaba. Kuma abin da aka yi wa matar nan sananne ne a doka: sashe na 11 na yarjejeniyar kawar da nuna wa mata wariya ta 1979 ya umarci ƙasashe su haramta korar mace daga aiki saboda ciki ko hutun haihuwa. Amsar da ya kamata a mayar mata ba ta wuce jimla uku ba. Baiwar Allah, mun ji kukanki. Ga lambar da za ki kira. Ki adana takardar sallamar da duk saƙon da kuka yi da wurin aikin.

An ce mini wai ba a tattauna ƙorafi a bainar jama'a, saboda sirri. Wa ya ce a tattauna? Nuna mata hanya aka ce. An ce wai wannan aikin sashen karɓar ƙorafi ne. To ita daga ina za ta san yadda kuka raba sassanku? Suna ɗaya ta gani a saman shafi, shi ta kira. An kuma ce babu kuɗi. Kuɗin da ya kama zauren taro ya biya mai ɗaukar hoto shi ne ya gaza a wajen rubuta layi uku? Ku bar wannan maganar, don Allah.

Jama'a, shirun nan yana da illa ta gaske. Ƙarar wariya a wurin aiki a ƙasashe da yawa tana da wa'adi. A Amurka, alal misali, kwana 180 ne a asali daga ranar da abin ya faru. Mai ciki da ta rasa albashi, tana lissafin haya da awo, za ta iya cinye rabin wa'adinta tana jiran amsar da ba za ta zo ba. Ranar da ta gano ofishin da ya dace a ce mata ta makara. Ihu bayan hari. Kuma ba ita kaɗai aka yi wa shiru ba. Duk macen da ta karanta tambayar nan ta ga an share ta, ta koyi darasi cewa kai kuka ɓata lokaci ne.

Na san kujerar ba ta da daɗin zama, wallahi na sani. Ka fitar da rahoton da ya taɓa gwamnati ta ce kana mata zagon ƙasa, ka sassauta harshe masu fafutuka su ce an saye ka. Lauyoyin cikin gida su rubuto abu shafi sittin, a ce ka mayar da shi yadda tsohuwa za ta gane ba tare da ka sauya ma'ana ba. Wanda ya iya wannan ina girmama shi ƙwarai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin nan shi ne ya zo da ƙafarsa yana gaya muku. Mutumin da aka ɗauka don ya zama kunnen hukuma, idan ya mayar da kansa bakinta kawai, da me hukumar za ta ji? Ku amsa mata. Yau, ba sai an zauna taro a kai ba.

Af, tun da na buɗe bidiyon taron ma akwai abin da ya tsaya mini. An kawo mai fassara da yaren kurame, madalla. Amma an matse shi a lungun allo, tambarin hukumar ya rufe masa rabin hannu, shi kuwa da hannu da fuska yake magana. Yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, a sashe na 21, ta yi maganar yaren kurame da rubutun makafi a harkokin hukuma. Wanda ya haɗa bidiyon ya janye tambarin nan zuwa ɗaya gefen, ya ƙara wa mai fassarar girma, ya sake ɗorawa.