Masu shago, ku daina sayar mana da jiƙaƙƙen baget

Wallahi abin ya ishe mu. Da damina ta kankama a Garwa ta Kamaru, musamman a watan Agusta da laimar kogin Binuwai ke cika gari, sayen baget, wato sandar ƙarfen da ake walda da ita, ya koma caca. Ka shiga shago ka tarar an farke kwalin kilo 5, an yage ledar ciki, an yasar da shi a kan siminti ƙarƙashin kwano mai yoyo, ana ƙirga maka ɗai-ɗai. Ka yi magana a ce maka, "Ai ƙarfe ne, me ruwa zai yi masa?" Haba Alhaji! Ba ƙarfen ke shan ruwan ba, garin da aka lulluɓe shi da shi ne.

Mai walda ne ke kwana a ciki. Baget ya riƙa mannewa, tartsatsi ya yi ta fallatsa, garin ya riƙa ɓantarewa, ka kankare datti ka ga ɗinkin duk ƙananan ramuka. Mai ƙofa ya dawo yana zage-zage, alhali wanda ya jawo abin yana can yana ƙirga kuɗinsa. Wannan ma na baget mai lamba 6013 ne da ake ƙofa da taga da shi. Mai lamba 7018, na tirela da ƙarfe mai kauri, ya fi muni: ruwan da ya sha yana sakin iskar haidurojin cikin ɗinkin, yau ka gan shi lafiya lau, bayan kwana ɗaya ko biyu ya tsage. Awa 4 kawai aka yarda ya yi a waje bayan an buɗe shi, daga nan sai cikin zafi kamar digiri 120. In ya riga ya jiƙe, sai an gasa shi a wajen digiri 350, awa ɗaya zuwa biyu. Wane ƙaramin gareji ke da irin wannan tanda? Ko akwai ma, da wace wutar, wadda ake ɗaukewa ba sallama?

Kafin ka biya, kaɗa guda huɗu ko biyar a tafin hannu. Busasshe ƙara yake yi ƙal-ƙal, jiƙaƙƙe kuwa muryarsa a dushe take. In ka ga tsatsa a gindi ko farin gari a jiki, mayar masa da kayansa.

A gida, kada baget ya taɓa ƙasa ko bango. Yanki bututun roba da ya ɗan fi shi tsawo, ka liƙe gefe ɗaya, ka sa murfi mai kamawa a ɗayan, ka jefa 'yan ƙunshin silika masu shanye laima, irin na kwalin takalmi. Mataccen firji da ƙwan fitila mai zafi a ciki yana riƙe 6013 a bushe, amma kada wani ya ruɗe ka cewa zai gyara 7018. Ka ɗebi na aikin da ke gabanka kawai, ka rufe sauran nan take. Dabarar nan ta yaran gareji, ta manna baget a ƙarfe har ya yi hayaƙi wai ya bushe, ƙona garin kawai take yi. Gashi a kan gawayi kuma fasa shi yake yi. 6011 ma ba a gasa shi sam, da 'yar laimarsa aka yi shi.

Ku kuma masu shago, katako huɗu da za ku ɗora kwalayen a kai, da leda da za ku ɗaure bakin wanda kuka buɗe, nawa za su ci muku?