Minti bakwai aka ba ni in sayar da gidanmu

A watan Fabrairun da ya wuce, lokacin bikin finafinai na Berlin, na tsinci kaina a wani ɗaki a hawa na uku, ba nisa da Potsdamer Platz. Ɗakin fari fat, tebura goma sha biyu, kowanne da kujeru biyu da kwalbar ruwan nan mai gas da Jamusawa ke sha kamar ba gobe. A waje sanyi ne mai shiga ƙashi, kafin shida na yamma gari ya yi duhu. Kowa ya rataye rigar sanyinsa a bakin ƙofa, ya maƙala katin sunansa a ƙirji. Tsarin shi ne marubuci ya zauna gaban furodusa ya ba da labarinsa, minti bakwai na cika a kaɗa ƙararrawa, ya tashi ya koma tebur na gaba. Kai ka ce layin awo ne a asibiti.

Labarin da na kai na wata bazawara ce a Fagge. Aurenta ya mutu, ta dawo gidan mahaifinta, ta tarar yayyenta maza sun gama magana da dillali za su sayar da gidan gado. Shekara biyu ina fama da labarin. Matar da na zauna gabanta a tebur na huɗu ta saurare ni tsaf, har da rubuce-rubuce. Da na gama sai ta ce, ashe ba a arewacin Najeriya ake rikicin Boko Haram ba? Me zai hana ƙanin bazawarar ya shiga daji? A ganinta da haka ne masu ba da tallafi za su gane abin da ake tsoron rasawa a labarin. Na ce mata ai gidan ne. Ta yi murmushi irin na wanda ya tausaya maka, ƙararrawa ta kaɗa.

Ba zan yi butulci ba. A nan marubuci mutum ne. Akwai kwantiragi, ana biyanka tun daga taƙaitaccen labari, a sake biyanka a rubutun farko, a sake a gyara. A 2023 marubutan Amurka sun ajiye alƙalami kwana 148, Hollywood ta tsaya cak. A gida kun san yadda ake yi: a ba ka abin da bai kai kuɗin kayan sawar jaruma ba, darakta ya je lokeshan ya sauya rabin maganganun, sunanka ya wuce a ƙarshen fim lokacin da kowa ya tashi alwala. Ga hukumar tace finafinai ta Kano, wadda tun 2001 take tsaye da almakashi.

Duk da haka, da za a ce in zaɓa wa yaro mai son wannan sana'a inda zai fara, wallahi Kano zan nuna masa.

Hanyar da ake kwaɗaita mana daga waje siririya ce ƙwarai. Akwai asusun Hubert Bals na bikin Rotterdam, akwai World Cinema Fund na nan Berlin da aka kafa a 2004, kuma sun taimaki finafinai masu kyau. Amma sai ka cika takardu da Turanci, sau da yawa sai ka nemo abokin hulɗa Bature, ka jira watanni, kana takara da mutanen Ajantina da Iran da Filifin. In ka dace, fim ya fito bayan shekaru, ya zaga bukukuwa, a tafa maka, amma gwaggonka da ke Gwammaja ba za ta taɓa ganinsa ba. Su kuma manyan kamfanonin intanet da muka ɗora wa buri, a Janairun 2024 Amazon ta daina ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afirka, aka bar mutane da rubutu a hannu. Abin dariya, a 2019 an cire fim ɗin Najeriya Lionheart daga takarar Oscar saboda Turancinsa ya yi yawa. Ka yi da harshensu a ce ba naka ba ne, ka yi da naka a ce ka fassaro tukuna a gani ko ya cancanta.

Mu kuwa da aka yi fim ɗin Hausa Turmin Danya a Kano a 1990, wa ya cika fom? Kyamarar bidiyo ce da kaset da 'yan kasuwa. Matan da ke rubuta littattafan soyayya a ɗakunansu su suka koya wa masana'antar yadda ake riƙe mai kallo. Arewa24 ta zo a 2014 ta buɗe ƙofar fim mai dogon zango, yanzu ga YouTube, duk mako sai an saki sabon kashi. Marubucin da ke wannan aikin yana rubutu fiye da duk wanda na gani a ɗakin nan, kuma washegari zai ji hukuncinsa a cikin adaidaita sahu, daga bakin matar da ba ta san shi ne ya rubuta ba. Ba wanda zai tambaye shi dalilin da ya sa gidan gado ya isa a yi fim a kansa. Kowa ya ga yadda zumunci ke watsewa a kan soro da ɗaki biyu.

Da na koma masauki a daren nan raina a ɓace, sai na kira Hajiya. Na ce bari in karanta mata wurin da bazawarar ke fuskantar babban yayanta, ko na ji sanyi. Na karanta da iyakar ƙoƙarina. Ta yi shiru, ina jin ƙarar janareton maƙwabta ta wayar. Can ta ce, "To ita wannan 'yar ina ce? Wace mace ce za ta dubi idon yayanta ta ce masa tana da haƙƙi? Ai sai dai ta ce, Yaya, ko Baba bai cika shekara ba."

Ban iya ce mata komai ba. Shekarata bakwai rabona da gida, kuma gaskiyar ita ce da Turanci na fara rubuta wurin saboda takardun neman tallafi, daga baya na mayar da shi Hausa. Tun ranar na roƙi ƙanwata ta riƙa turo min saƙon murya, ko na me, ko faɗan da ake yi a gidan biki ne. Ina sauraro a jirgin ƙasa da safe, ina rubuta yadda take lanƙwasa magana a bayan tikiti.