Karen Baturiya da akuyar matar ƙauye

A nan Ingila akwai wata ƙungiya mai suna Dogs Trust, wadda tun 2004 take karɓar karnukan matan da suka gudo daga gidan miji mai duka, ta ba wani riƙo har matar ta sami matsuguni. Dalili kuwa, yawancin gidajen da ake ɓoye irin waɗannan mata ba sa karɓar dabba, masu gidajen haya da dama ma haka. Sai mace ta zauna tana shan jibga, don ta san in ta tafi ta bar karen, a kansa mijin zai huce haushi. Masu fafutukar kare dabbobi sun daɗe suna matsa wa majalisa, har a 2025 aka yi dokar haya da ta ba ɗan haya damar neman izinin ajiye dabba, ta kuma hana mai gida ƙi sai da ƙwaƙƙwarar hujja. Amurka ma a 2018 ta sa dabbobin gida cikin kariyar da doka ke ba wadda ake gallaza wa.

In na ba mutanen gida wannan labari a waya dariya suke yi, su ce Turawa dai an ƙoshi. Ni kuwa ban ga abin dariya ba, don abin yana nan a ƙauyukanmu na Jigawa. Bambancin kawai, tamu dabbar akuya ce.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san akuyar mace. Da kuɗin adashi ta saya, ko na ƙuli-ƙuli, ko uwarta ce ta ba ta bayan biki. Tana ɗaure a turke bayan ɗaki, ƙasari da dusa ba sa wuce ta, harawa kuwa tun kaka ake ɓoye mata a kan rumfa. Ita ce kuɗin asibiti in yaro ya kwanta, ita ce kayan ɗakin 'ya mace. Shi ya sa da gwamnatin tsohon gwamnan Jigawa Badaru ta tashi tallafa wa mata awaki ta raba musu, wasu 'yan birni suna ta ba'a.

To wannan akuyar ce miji mara tsoron Allah yake kama mace da ita. Ranar Alhamis ya kwance ta sai kasuwar Maigatari, ya ce "ara mini, in kaka ta yi na mayar." Kaka ta zo ta wuce. In ta yi magana, a ce ba ta da kunya. Wani ma ba sayarwa zai yi ba, in faɗa ya haɗa su sai ya sami dabbar da taɓarya a gabanta, ya san inda zai yi mata zafi. Idan tura ta kai bango ta yi yaji, da goyo da ƙullin kaya take fita, galibi da duhu, ba mai jan awaki uku a wannan hali. Kafin a je biko an sayar da ɗaya, sauran sun rame don kishiya ba dolenta ba ce ta ba su ruwa. Mata nawa ne suka koma ɗaki ba a sasanta komai ba, don kawai abin da suka bari a turke?

Ba doka muka rasa ba. A Musulunci dukiyar mace tata ce, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta, kuma kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015, wadda Jigawa ta amince da ita a 2021, ta sa tauye mutum ta fuskar dukiya cikin laifuka. Amma a gaban alƙali tambaya ɗaya ke kayar da mace: wa ya shaida akuyar taki ce? Mijin ya ce harawarsa take ci, shi ke nan magana ta yi tsawo.

Abin da Turawa suka kafa ƙungiya don su yi, mu mun gada. Ba da kiwo tsohuwar al'ada ce: ka kai dabba wurin wani ya riƙe, in ta haihu a raba yadda aka yi alkawari. Da iyaye za su sa 'yarsu ta bar akuya ɗaya ko biyu a hannun yayanta ko gwaggonta, da ranar da ta ɓaci tana da abin dogaro. Da mai unguwa zai zama shaida ranar da dabba ta shiga gida da sunan mace, dagaci ko 'yan Hisba kuma su sa a fito mata da dabbobinta tun ranar da ta kawo ƙara, ba sai shari'a ta ƙare ba.

Maganar haya ma ta fara iso mu. Bazawarar da ta koma Dutse ko Haɗeja ta kama ɗaki ɗaya, sharaɗin farko da mai gida zai kafa mata shi ne ba kiwo, wai ƙazanta da ɓarnar gini. Sai ta kai awakin kasuwa, dillalai kuwa da ganin fuskar wadda dole ta sa ta sayar sun gane, sai su taya yadda suka ga dama.