Wa ake tambaya yanzu, malamin unguwa ko salula?

Masu cewa dunƙulewar duniya za ta shafe addini ba su duba tarihin Maraɗi da kyau ba. Hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya da Katsina, wadda alhazan garin nan suka yi arziki a kanta, ita ce ta shigo mana da kaset-kaset na wa'azi tare da atamfa da man fetur. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi ya shiga gidajenmu ta Rediyon Kaduna, kuma Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu gindin zama a nan cikin shekarun 1980 da tallafin wasu 'yan kasuwa. Tun kafin haka ma, muridan Shehu Ibrahim Inyas suna kai ziyara Kaulaha ta ƙasar Senegal.

Sauran addinai su ma ba su tsaya kallo ba. Cocin Katolika, a babban taronta na Vatikan tsakanin 1962 da 1965, ta buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a maimakon Latin kaɗai, yayin da gudun hijirar Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buda na Tibet, zuwa Indiya a 1959 ya taimaka wajen kai koyarwar Buda ta Tibet har Turai da Amurka.

A ganina, abin da ya canja da gaske shi ne wanda ake kai wa tambaya. A da, wanda saki ko rabon gado ya rikice masa zauren malamin unguwa yake zuwa, ya cire takalmi ya durƙusa, malamin kuma ya san mijin, ya san matar, ya san iyayensu, sannan ya buɗe Risala ya ba da amsa bisa mazhabar Malikiyya. Yau guntun bidiyo na WhatsApp daga Madina ko Alƙahira ko Kano yake riga shi magana, kuma mai bidiyon, komai zurfin iliminsa, bai ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba.

Daren duban wata ya fi nuna wannan. Da zarar Saudiyya ta yi sanarwa, labari ya game gari kafin hukumomin Yamai su gama tantance shaidun cikin ƙasa, sai gardama ta kaure a ƙofar masallaci tsakanin uba da ɗansa. Ban ga amfanin tsine wa salula daga kan mumbari ba, tunda liman ɗin kansa da ita a aljihu. Abin da nake jira daga malamanmu na Maraɗi da Tsibiri da Tasawa shi ne su naɗi karatunsu da kyau, su amsa tambayoyin matasa a inda matasan suke yin su.