Faston da ya raka mutanen Hitler har bakin igiya

Kwana uku kenan labarin wani fasto yana min yawo a kai, na ce bari dai in rubuta ko na samu in sauke shi. Ni ɗan bariki ne, babana soja ne, kuma duk wanda ya tashi a bariki ya san faston sojoji, mutum ne da kaki a jiki da anini a kafaɗa amma baya riƙe bindiga. Lokacin yaƙin Laberiya ina ƙarami, in aka hango faston bariki tafe da wani hafsa sun nufo layin gidajenmu da rana tsaka kuma ba Lahadi ba, sai kaga mata sun ajiye taɓarya kowacce tana leƙe ta ga ƙofar wa za su tsaya. Na ga ranar da suka tsaya ƙofar maƙwabciyarmu. Hafsan ya faɗi abinda ya kawo shi ya juya, shi kuwa faston ya cire hula ya zauna kan benci a bakin ƙofa har magariba, da ƙaramin yaronta a cinyarsa, ban ji ya yi wa'azi ko kalma ɗaya ba. Tun ranar nake ganin girman wannan aikin.

To amma wancan zama ne da matar da aka kashe wa miji, kowa zai ce madalla. Shi wanda nake so in baku labarinsa da waɗanda suka yi kisan aka ce ya je ya zauna.

Sunansa Henry Gerecke, ɗan manomi ne daga jihar Missouri a Amurka, an haife shi a 1893, faston ɗarikar Lutheran. Kafin yaƙi a birnin St. Louis yake aiki, yawancin lokacinsa a asibitoci da gidajen yari da wajen marasa galihu yake ƙarewa. A 1943 yana dab da shekara 50, shekarun da wani zai ce ya huta, ya shiga soja a matsayin fasto, lokacin 'ya'yansa biyu suna cikin kaki. Ya yi aiki da wani asibitin sojoji a Ingila yana zama gefen gadon samarin da aka kwaso daga fagen daga, daga baya aka kai su Munich a Jamus, kuma ya je sansanin Dachau da ƙafarsa ya ga wurin da mutanen Hitler suka hallaka bayin Allah. Dan Allah ku riƙe wannan, dan kar wani ya ce bai san su waye mutanen ba.

Watan Nuwamba 1945 za a fara shari'ar manyan 'yan Nazi, wato mutanen Hitler, a birnin Nuremberg na Jamus, kanar ɗin dake riƙe da kurkukun, Burton Andrus, ya nemi a bashi Gerecke saboda yana jin Jamusanci kuma ya saba da fursunoni. An bashi zaɓi, zai iya cewa a'a ya koma gida wajen matarsa Alma da ya fi shekara biyu bai sa ta a ido ba. Ya yi addu'a ya karɓa. Mutum 21 ne a gaban kotu, 'yan Katolikan cikinsu aka ba Fada Sixtus O'Connor, sauran da suka fi yawa suka zama nasa. Cikinsu akwai Göring na hannun daman Hitler, akwai Keitel babban hafsan sojojin Jamus, akwai Ribbentrop ministan harkokin waje, akwai Sauckel wanda ya kwaso miliyoyin mutane daga ƙasashensu aka sa su aikin bauta. Gwamnatin da ta kashe Yahudawa miliyan 6 kenan, waɗannan ne ginshiƙanta.

Ranar farko ya bi ɗakunansu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa musu hannu aka gaisa, kuma wannan gaisuwar kaɗai ta jawo mishi zagi. Aka fasa bango tsakanin ɗakunan kurkuku biyu aka mai da su 'yar majami'a, mai kaɗa musu molon coci ma wani tsohon hafsan SS ne, wato dakarun musamman na Hitler, dake tsare. Wasu cikin fursunonin kamar Hess da Rosenberg suka ce basa so, bai tilasta su ba. Sauran suna zuwa sujada duk Lahadi, yana bin su ɗaki yana karanta musu Littafi Mai Tsarki, har yana ganin matansu da 'ya'yansu in sun zo ziyara.

Na san abinda wani zai ce dan nima na faɗa da farko: ina amfanin ɓata addu'a akan irin waɗannan, su waɗanda suka ƙone a Dachau wa ya zauna da su? Tambaya ce mai nauyi kuma bana raina mai yinta. Mu ma nan duk lokacin da aka ce an yaye tubabbun Boko Haram daga sansanin Malam Sidi a Gombe, ka shiga Facebook ka ga yadda zukata ke tafasa, kuma wanda aka yanka mishi uba a gabansa babu wanda ya isa ya ce mishi yayi shiru. Amma abinda ya sa labarin Gerecke ya zauna min shine shi bai taɓa shiga tsakanin mutanen nan da hukunci ba. Bai je wajen alƙalai ya ce sun tuba a sassauta ba, bai ce musu tunda kun karɓi Yesu shikenan an wuce wurin ba. Kotu tana aikinta a sama wata goma sha ɗaya tana jin shaidu tana kallon hotunan gawarwaki, shi yana ƙasa yana nasa, yana shirya mutum ya tsaya gaban Mahaliccinsa. Abinda ke ci wa mutanenmu rai ai shine su ga an haɗa tuba da yafe hukunci a kwano ɗaya an miƙa wa mai laifi, shi kuma wanda aka cuta yana sansanin gudun hijira babu mai tambayarsa. Ko ɓarawon da ya tuba a gefen Yesu, an yi mishi alkawarin Firdausi amma ba a sauko da shi daga gicciye ba.

Kuma bai yi arha da abin Allah ba, nan ne na ƙara sara mishi. Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da Kirista ke karɓa a coci, baya ba kowa sai ya zauna da mutum ya gamsu. Sauckel ne ya fara karɓa, daga baya irinsu Speer da Keitel da Ribbentrop suka biyo. Göring kuwa duk Lahadi yana sahun gaba yana rera waƙa da ƙarfi, daren 15 ga Oktoba 1946 ya nemi a bashi Jibi, alhali a hirarsu ya nuna bai yarda da Yesu a matsayin Mai Ceto ba. Gerecke ya hana shi. Ka duba fa, mutumin da duk Jamus ke rawar jiki a gabansa, ga mutuwa ta ƙaraso, abu mafi sauƙi shine a miƙa mishi a rabu lafiya, amma wannan dattijo ɗan ƙauye ya ce a'a. Cikin daren Göring ya haɗiye gubar da ya ɓoye, Gerecke na cikin waɗanda suka ruga ɗakin, ya durƙusa gefensa yana cikawa. Wannan a'a ɗin ba ƙaramin kaya bane mutum ya ɗauka a ransa.

Kafin nan akwai wani abu da in na tuna sai jikina yayi sanyi. Tsakiyar 1946 aka fara raɗe-raɗin zai koma gida, sai fursunonin suka rubuta wa matarsa wasiƙa suna roƙonta ta bar musu shi har a gama shari'a, su 21 ɗin duka suka sa hannu, har da 'yan Katolikan da waɗanda basa zuwa sujada. Alma ta ce ya zauna. Ni dai ina ganin ita ma wannan baiwar Allah ta cancanci a dinga ambatonta, matan sojoji sun san me ake nufi da a ce miki ƙara haƙuri bayan shekara biyu da rabi.

An yanke wa 12 hukuncin kisa, ɗaya a bayan idonsa, aka sallami uku, saura ɗauri. Bayan tsakar daren 16 ga Oktoba aka rataye mutum 10 a ɗakin motsa jiki na kurkukun. Gerecke da Fada O'Connor suka dinga karɓa-karɓa, kowa ya rako nasa daga ɗaki ya hau matakala da shi, yayi addu'a, hauni ya ja, ya sauko ya koma ɗauko na gaba. Ribbentrop aka fara da shi. Rosenberg har kan dakalin ya ƙi addu'a, Gerecke ya tsaya gefensa duk da haka.

Da ya koma Amurka bai nemi babbar kujera ba. Ya zama fasto a wani ƙaramin gari, Chester a jihar Illinois, yana kuma aiki a kurkukun Menard cikin masu kisa da 'yan fashi. A harabar kurkukun ciwon zuciya ya kama shi a watan Oktoba 1961, yana da shekara 68. Fursunoni suka roƙa a kawo musu gawarsa, aka kai ta majami'ar gidan yarin, ɗaruruwansu suka bi layi suna wucewa ta gaban akwatin. Bayan an binne shi ɗansa yana kwashe kayan teburinsa ya tarar da tarin wasiƙu a ɓoye can ciki, na Amurkawa 'yan uwansa, cike da zagi da tsinuwa wai ya ci amanar ƙasa da ya yi wa 'yan Nazi addu'a. Shekara goma sha biyar yana ajiye da su a wurin.