Ku kalli yaron kafin ku damƙa masa fensir

Har yanzu takardar nan da aka haɗo 'yar ƙanwata da ita daga makarantar renon yara tana sosa mini rai. Yarinya mai shekara uku da wata huɗu, wai an gano cewa "ba ta da ƙoƙari" saboda ta kasa cika shafi biyu da baƙaƙe a kan layi. Madalla da wannan gagarumin bincike! Saura kawai a umarce ta da ta rubuto wasiƙar ban haƙuri da hannunta.

Wanda ya rubuta takardar, littafin yarinyar ya duba, bai kalli ita yarinyar ba. Da ya kalle ta, da ya ga cewa tana dunƙule fensir ne a tafin hannu, domin ƙarfin sarrafa jiki daga kafaɗa yake farawa, ya gangaro gwiwar hannu, sannan wuyan hannu, yatsu kuma su ne na ƙarshe. Ƙasusuwan wuyan hannun ma a wannan shekarun yawancinsu guringuntsi ne da bai gama ƙwari ba. Abin da ake sa ran gani wurin ɗan shekara uku shi ne ya kwaikwayi da'ira. Wajen shekara huɗu ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya cafe babbar ƙwallo. Alwatika kuwa sai ya kai biyar ko fiye. To ina aka samo shafi biyu?

Na san za a ce ɗan wance ya iya rubutu tun yana da shekara biyu da rabi. Allah ya raya shi, amma ɗan wance ba ma'auni ba ne. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, lafiyayyun yara sun fara tafiya da kansu tsakanin wata 8 zuwa kusan wata 18, wasu ƙalilan ma ba su yi rarrafe ba sam. Idan tafiya tana da irin wannan tazara, me zai sa rubutu ya zo wa kowa rana guda? Masu cewa wasa ɓata lokaci ne kuwa, hukumar ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, kuma kada a ɗaure shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere.

Don Allah iyaye da malamai, ku kalli yaron. Ku lura da yadda yake hawa matakala, da yadda yake fama da maɓallin riga, da yadda yake tashi daga ƙasa. Idan yana yawan faɗuwa, ko sai ya dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe, ko ya daina yin abin da a da ya iya, wannan ne abin kai wa likita, kuma babu shafin rubutun da zai nuna muku shi.

Af, a ƙasan takardar an ƙara da cewa a hana ta amfani da hagu. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, kuma ni da kaina na ga yadda yarinyar nan take ɗaukar ƙaramin dutse da yatsu biyu na hannun hagunta ba tare da ya suɓuce mata ba.