Labarin Hatsarin Jirgi: Muna Sauraron Ranar Farko, Ba Ma Komawa Ranar Rahoto

Ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, ina Sakkwato lokacin da labari ya iso cewa jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Abuja zuwa garinmu ya faɗi a Tungar Madaki jim kaɗan da tashinsa. Duk wanda ke garin a ranar zai tuna yadda mutane suka yi cirko-cirko a bakin shaguna da rediyo a kunne, kowa na murɗa tasha, har aka tabbatar da cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo na cikin mutum 96 da suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Kafin a gama zaman makoki an riga an ba mu dalili, domin ministan sufurin sama na lokacin, Babalola Borishade, ya fito ya ce matuƙin ne ya ƙi jin shawarar a dakata saboda yanayi. Jaridu suka buga, mu kuma muka ɗauka an gama magana.

Yanzu na yi shekaru ina zaune a Ingila, kuma da farko na ɗauka cewa kafofin labarai na nan ba sa irin wannan gaggawar. Hatsarin jirgin Air India da ya tashi daga Ahmedabad zuwa Landan ranar 12 ga Yunin 2025 ya raba ni da wannan tunanin. A kwanakin farko tashoshin talabijin sun yi ta jera tsofaffin matuƙa da masu sharhi, wani ya ce tsuntsaye ne suka shiga inji, wani ya ce gurɓataccen mai ne, wani kuma ya zargi saitin fukafukai, alhali dukkansu bidiyon 'yan daƙiƙu ɗaya suke kallo. Bayan wata guda rahoton farko na masu binciken Indiya ya fito, ya nuna cewa makunnan da ke ba injinan biyu mai sun koma wajen kashewa ɗaya bayan ɗaya, kuma an ji ɗaya daga cikin matuƙan yana tambayar ɗan'uwansa dalilin da ya sa ya kashe, shi kuma ya amsa cewa bai kashe ba. Rahoton bai faɗi wanda ya yi tambayar ba, amma wasu manyan jaridu sai suka cike gurbin da kansu, har shugabar hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, Jennifer Homendy, ta fito ta ce an yi riga malam masallaci.

Saboda haka a makon farko ban ga wanda ya fi wani ba. Dalilin kuwa yana cikin yanayin aikin ne. Ɗan jarida na da shirin da dole ya cika kafin ƙarfe shida, mai bincike kuma yana bin ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya, wadda ta ce a ba da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin shekara guda idan hakan ya yiwu, ta kuma fayyace cewa manufar binciken ita ce hana sake aukuwa, ba neman mai laifi ba. Ko abin da muke kira baƙin akwati, launinsa ruwan lemo ne, kuma na'urori biyu ne, ɗaya na naɗar maganar matuƙa, ɗaya na naɗar motsin jirgi, gano su kuwa ba ya nufin an gano dalili.

Inda na ga bambanci shi ne a ranar da rahoton ƙarshe ya fito. Jirgin Air France da ya faɗa tekun Atlantika a watan Yunin 2009 da mutum 228, sai a 2011 aka tsamo na'urorinsa, rahoton ƙarshe ya fito a 2012, kuma jaridun Turai suka dawo kansa kamar jiya abin ya faru, suka bayyana yadda ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu da yadda matuƙan suka rikice. Suna da 'yan jarida da ba su da wani aiki sai harkar jiragen sama, waɗanda za su zauna su karanta ɗaruruwan shafuka.

Rahoton jirgin ADC sai a 2013 ya fito, kuma ni kaina a nan ƙasar waje na nemo shi na karanta. Lalle ya ɗora nauyi a kan shawarar tashi cikin mummunan yanayi, don haka ba za a ce ministan ya yi ƙarya ba. Sai dai rahoton ya ƙara da cewa jirgin ya gamu da iska mai sauya alkibla farat ɗaya, matuƙan ba su bi matakan kuɓuta daga irinta yadda ya kamata ba, na'urar da aka yi musu horo da ita ba ta dace da koyar da wannan ba, kuma kamfanin ba shi da tsayayyar ƙa'idar aiki a irin wannan yanayi. Wannan rabin ne ya shafi rayayyu, domin shi ke nuna abin da za a gyara. Da na je gida na tayar da zancen a majalisar ƙofar gidanmu bayan la'asar, wani yayan mahaifina ya ce, "Ɗana, ai abin da Allah Ya ƙaddara ya riga ya faru." Na ce, "Gaskiya ne, Baba," na yi shiru saboda girmansa, amma a raina na san cewa yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana mutum ɗaure raƙuminsa ba.

Ba wannan ne karo na farko ba. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama wuta ya hallaka mutum 261, kuma bincike ya nuna cewa tayoyi marasa isasshiyar iska ne suka fashe a wajen tashi, suka kama wuta, wutar kuma ta bazu bayan an naɗe su cikin jirgi. A unguwarmu akwai gidajen da suka yi rashi a wannan jirgin, amma tsakanin waɗanda na tambaya, kaɗan ne suka taɓa jin zancen tayoyin.

Ba na raina aikin gidajen rediyonmu, domin wajen sanar da sunayen mamata da lokacin jana'iza cikin ladabi sun fi na nan nesa ba kusa ba. Abin da nake roƙo shi ne, duk ranar da hukumar binciken hatsari ta Najeriya ta fitar da rahoto, a samu edita ɗaya a Sakkwato ko Kaduna da zai ba wakilinsa kwana biyu ya karanta shi, ya kira matuƙi ko injiniya ya warware masa kalmomin, sannan a karanta mana da Hausa a lokacin da aka saba karanta manyan labarai.